Shekarar da Gara ta Cinye Sunaye

Ku da kuke tura wa mutane waƙa a waya yanzu, na ga yadda kuke aikinku. Mutum ya miƙo memori, ku danna, kafin ya gama gaisawa an cika masa. Rannan na leƙa kwamfutar ɗayanku, na ga waƙoƙi a jere kamar tumaki a turke, amma kusan duk sunansu ɗaya: sabuwa, sabuwa ta biyu, sabuwa mai zafi. Na tambaye shi wa ya rera wannan, ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, in ta yi daɗi shi ke nan." To ku matso ku ji. Ni ne Ɗanjuma da ake ce wa Mai Kaset, kuma a kan wannan sana'a na yi furfura a nan Kontagora. Tura waƙa ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka san abin da ke hannunka, ka kuma san inda za ka sa hannu ka ɗauko shi ranar da aka zo nema.

A farkon shekarun tamanin mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Ndagi, wani dattijo Banufe mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Gyara ce sana'arsa ta asali, amma yana da wata rikoda mai maɗauri da yake ratayawa a kafaɗa. Duk inda ya ji labarin kiɗa, bikin aure ne, gayyar noma ce, ko dambe, sai ya hau babur ya je ya ɗauko. In ya dawo ya kwafa, mutane su saya. Sannu a hankali kaset ya ture rediyo gefe, har shagon ya zama na kaset.

Aikin farko da ya ba ni ba ɗaukar waƙa ba ne. Wani kwali ya turo min da ƙafa, cike da kaset a cakuɗe, ya ce in jera a kanta. Na zage na jera su tsaf, ja da ja, baƙi da baƙi, har ina ja da baya ina kallo. Ya zo ya duba ya ce, "Ya yi kyau, Ɗanjuma. To miƙo min waƙar noman Kambarin Kaboji." Na tsaya ina raba ido. Ya yi dariya ya ce, "Ka jera wa ido. Sauke ka jera wa kunne."

Tsarinsa kuwa ga shi. Harshe ake fara dubawa, domin garin nan ba da baki ɗaya ake magana ba: Hausa da kantarta, Kambarci da tasa, haka Dukanci da Fillanci da Nufanci. A cikin kowane harshe sai a bi mawaƙi, a ƙarƙashin mawaƙi a bi sha'anin da aka yi waƙar dominsa. Karatu da wa'azi suna can sama, ba a ɗora musu komai, ba a kuma haɗa su kwali ɗaya da kalangu. Kowane kaset da 'yar takarda manne a goshinsa: wa ya rera, da me aka kaɗa, a wane gari, a wane sha'ani. Shi da ajami yake rubutawa, ni da boko. Kaset ɗin da aka ɗauko da shi daga wurin kiɗa uwa muke ce masa, waɗanda aka kwafa daga gare shi su ne 'ya'ya. Ɗa ake sayarwa. Uwa ba ta fita daga shago ko wa ya zo, kuma ranar da ta iso ake karye mata kunnuwa, wato 'yan robobin nan biyu na samanta, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kanta. Ba a kuma kwafa daga ɗa, saboda muryar jika a dusashe take fita.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Rikoda mai baki biyu ta kwafa, ƙaramin sukurudireba, reza, auduga da sifirit na goge hancin rikoda inda zare ke bi, jan farce, da biro. Na tuna wani direban babbar mota mai kai shanu kudu, ya kawo min kaset a cikin hularsa. Rikodar motarsa ta tauna zaren, ya fito ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya ce waƙar garinsu ce, ba ya jin daɗin tuƙi sai da ita. Irin wannan ba a yi masa gaggawa. Ka wanke hannu tukuna, don maiƙon yatsa yana kashe murya. Ka kwance kaset, ka miƙe zaren a kan gilashi, ka bi shi da bayan cokali kana lallashi har tamojin ya kwanta. Inda ya tsinke sai ka yanke da reza a karkace, ka haɗa baki biyun da ɗigon jan farce ta bayan zaren. In ka yanka a miƙe, duk lokacin da aka zo wurin sai an ji ƙas. Sannan ka zura biro a rami ka naɗe. Da na gama na kwafa masa sabo, tunda ba mu da uwarsa, na ce ya bar tsohon a gida ya huta.

Ɗauka a waje ita ma da nata ilimin. Ranar da Baba ya fara sakina ni kaɗai, gayyar noma ce a Sahon Rami. Ya ce in sa wa makirfo safa saboda iska, in tsaya kusa da bakin mawaƙi, in ba ganga baya, don ganga ba ta neman taimakon kowa. Ya kuma ce in sa sababbin batura ko da tsofaffin suna da sauran rai. Batir in ya yi sanyi zare a hankali yake tafiya, ba za ka gane ba sai ka dawo shago ka sa a wuta, ka ji ƙaton mutum yana waƙa da muryar ɗan tsako.

Masu saye kuwa, kaɗan ne ke zuwa da sunan abin da suke so. Wani zai ce, "Wadda aka yi a bikin ɗan mai unguwarmu, shekarar da gyaɗa ta yi kyau." Wata za ta tsaya a bakin ƙofa ta rera maka baiti rabi da hanci, ta ce ka ƙarasa. Sojojin da aka kawo bariki daga nesa sukan zo neman kiɗan da ya yi kama da na garinsu. Duk wannan, in jerinka yana daidai, kafin mutum ya rufe baki hannunka ya kai.

Da ƙarfinsa ya ƙare, Baba Ndagi ya koma garinsu a ƙasar Nufe, ya bar min shago da duk uwayen da ya tara tun kafin in zo. A can Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Shekarar da ba ta yi min kyau ba, ta zo ne a farkon shekarun casa'in. Ruwan farko ya sauka ke nan, ina dawowa daga ɗaukar biki a Beri, babur ya zame da ni a laka, cinyata ta karye. Aka kai ni gidan maɗori, a can na cinye daminar nan gaba ɗaya, shago a kulle. Da na fara takawa da sanda na je na buɗe. Ƙofar ma sai da aka sa mata kafaɗa. Gara ce. Ta biyo ta ƙasan bango, ta hau kantocin katako ta cinye cikinsu, suka zube, kaset suka yi tsibi a ƙasa, Hausa a kan Dukanci, wa'azi a ƙarƙashin goge. Gara ba ta cin roba, ba ta cin zare. Takarda take ci. Duk 'yan takardun goshin nan, na ajamin Baba da na bokona, ta lashe su tas, ta bar jar ƙasa a madadinsu.

Maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, ai waƙoƙin suna nan." Na ce masa suna nan kam. Waɗanda na ɗauka da hannuna, ina ji zan gane su. Manyan mawaƙan Hausa kuwa ko wa ka tara a hanya zai faɗa maka. Amma tsofaffin uwayen Baba, na Kambarci da Dukanci da Fillanci, waɗanda ko harshen ba na ji sosai, sun zama kamar baƙi cike da zaure, ba ka san sunan kowa ba balle garinsu. Mai nema zai zo, abinsa yana gabana, ba ni da hanyar miƙa masa.

Na fara da wanki. Kowane kaset sai an kwance, a kakkaɓe ƙasar da gashin kaza, wanda ya yi fumfuna a bi zarensa da auduga, a shanya a inuwa, don rana lanƙwasa su take yi. Na sa maƙeri ya yi min kantocin ƙarfe, na tsoma ƙafafunsu cikin gwangwanayen baƙin mai. Sannan ranar kasuwa na fito da lasifika bakin ƙofa, ina sa kaset ɗaya bayan ɗaya, ina cewa duk wanda ya san mai wannan murya ya taimaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutane suka riƙa tsayawa da kayansu a ka, kowa ya tsinci nasa. Da yake kaset ɗin suna da yawa, farkon kowane gefe kawai nake sawa, in an gane in wuce na gaba. Ba na kuma rubuta suna da faɗar mutum ɗaya, sai wani da ba tare suka zo ba ya faɗi irinta.

Akwai wata waƙar kaka ta Kambari da wasu tsofaffi biyu suka yi ta musu a kanta, wannan ya ce wane ne, wancan ya ce a'a, wane ne. Na ajiye ta gefe ban rubuta komai ba. Da kasuwa ta zagayo sai ga su sun taso wani tsoho daga Kaboji, yana dogara sanda irin tawa. Ya zauna ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Ya ɗago ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ni ne. Amma lokacin ina da haƙora."

A cikin wannan rani ne Inna Dudu ta zo. Bafillatana ce daga wata ruga a yankin Beri, takan kawo nono kasuwa. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa ta ce, "Mai kaset, ina tsohon nan na da?"

Na ce, "Ya rasu, Inna."

Ta yi masa addu'a, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Shekarun baya Baba Ndagi ya bi ta rugarsu, ya tarar da maigidanta yana busa wa shanu sarewa da yamma, ya tsaya ya ɗauka. Daga baya ya aika musu da ɗa, ya ce uwar tana wurinsa duk ranar da suke so. Maigidan ya rasu bara. Nasu kaset ɗin kuma an manta shi a rana, ya lanƙwashe.

"Ƙananan yarana ba su riƙe busarsa ba," in ji ta. "Ina so su ji."

Na nuna mata tsibin da ba a kai ga ganewa ba, na gaya mata abin da gara ta yi. Ta ce ba komai, tana da kunne. Na ware duk kaset ɗin da ya fara da sarewa ko waƙar Fillanci. Kowace ranar kasuwa, in ta sayar da nononta, sai ta zo ta zauna a dakali in riƙa sa mata. Ta ɗan saurara ta ce, "Ba shi ba ne." Wani lokaci ta ce, "Wannan na mutanen wane ne," in samu suna ta dalilinta. Haka har na Fillancin suka ƙare, nata bai fito ba. Da kiwo ya yi wuya a yankinsu suka yi shirin tashi da shanu kudu. Ta zo sallama ta ce, "In ka samu, ka faɗa a kara. Labari zai iske ni." Kara ita ce kasuwar shanu, kuma maganar da aka ajiye a can ba ta ɓata.

Daga wannan shekara na canza hannu. Duk abin da zan ɗauka, kafin a fara kiɗa sai na kai makirfo bakina na faɗi sunan mawaƙi da garin da sha'anin, ya shiga cikin zaren. Tsofaffin da aka gane kuma na rubuta musu da fenti a jikin robar. Suna ya zauna a jikin abu, ba a jikin mazauninsa ba, don mazauni zubewa yake yi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, mai agogo ya tashi, wata mata da ake kira Malama Asabe ta kama shagonsa. Tsohuwar mai buga tafireta ce a ofis, ta ajiye aiki ta sayi kwamfuta tana buga wa mutane takardu. Ita ta ce min, "Malam Ɗanjuma, injin nan yana ɗaukar sauti fa. Uwayen nan naka zarensu tsufa yake yi." Muka huda bango muka zura waya daga rikodata zuwa kwamfutarta. Ta nuna min yadda kowace waƙa ke zama fayil, kuma a cikin fayil ɗin akwai gurabe: na sunan waƙa, na mawaƙi, na shekara, da wani na ƙarin bayani. Ta ce duk inda aka kwafi fayil ɗin, da sunayensa yake tafiya. Na ce ai wannan shi ne abin da nake yi da baki. Muka buɗe folda bisa harshe, a ciki bisa mawaƙi, daidai kantocin Baba. Inda ba mu sani ba mu rubuta ba a sani ba, ba ma cikawa da zato.

Kada ku ɗauka irin naku ne na dannawa. Cikin kwamfutar lokacin ƙarami ne, shi ya sa muka fara da uwayen da suka fi tsufa. Kaset kuma ba a yi masa tsalle, sai ya juya daga farko har ƙarshe kana zaune kana ji. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a koma farko. Ita kuma sai ta gama da masu takardu muke samun injin.

Wata ranar da la'asar muna kan wani kaset na bikin Nufawa, wanda aka riga aka gane tun shekarar gara. Kiɗa ya ƙare a gefe na biyu, sai shuu ɗin zare. Malama Asabe ta leƙo ta taga ta ce, "In tsayar?" Na ce ta bari ya ƙarasa da kansa, haka muke yi wa kowanne. Can sai muka ji iska tana bugun makirfo, da kukan maruƙa daga nesa. Sai sarewa. A nan na gane abin da ya faru. Baba yana dawowa daga bikin ne ya bi ta rugar su Inna Dudu, ba shi da sabon kaset, ya ɗauka a sauran zaren da ya rage. Ya rubuta a goshi, gara ta cinye. Mu kuma da muka ji farkon kaset da Nufanci, muka kai shi kantar Nufanci.

Ban sa masa suna ba, don ban san busar maigidanta ba. Na je kara na ajiye magana. Sai bayan kaka Inna Dudu ta zo, ta ƙara tsufa, tare da ɗanta Yero wanda ya zama magidanci. Malama Asabe ta ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma. Aka danna. Iska, maruƙa, sannan sarewa. Inna Dudu ba ta motsa ba, har na fara tunanin wannan ma ba shi ba ne. Ana cikin busar sai wata saniya ta yi kuka dab da makirfo, doguwar murya mai karyewa a ƙarshe. Ta ɗago kai.

"Wule ce," in ji ta. "Ba ta barin gefensa in yana busa."

Ta yi wa ɗanta magana da Fillanci. Ya taso ya durƙusa kusa da lasifika, ya cire malafarsa, bai tashi ba har zaren ya ƙare.

Malama Asabe ta gyara zama a gaban injin ta ce, "Inna, wane suna zan sa a gurbin mai busa?"

Inna Dudu ta sunkuyar da kai tana jan bakin tabarma. Na yi wa Malama Asabe ido, ta tuna Bafillatana ba ta faɗar sunan miji, yana raye ko ba ya raye. Yero ya jira har uwar ta juya tana gyara mayafi, ya sunkuya ya faɗa ƙasa-ƙasa: Sambo. Ya faɗi sunan rugar, ya ce da yamma ne, bayan an dawo kiwo. Malama Asabe ta buga.

"An rubuta?" in ji Inna Dudu, ba ta waiwayo ba.

"An rubuta, Inna."

"Har da saniyar?"

Malama Asabe ta dube ni, ta sauka gurbin ƙarin bayani ta buga. Ta ce, "Har da ita."

"To, 'yata, mayar min da shi farko."